Bawul ɗin mitiral: kateta ko buɗe ƙirji?

Bahijja

Assalamu alaikum malamaina. Tambayata a kan bawul ɗin mitiral ce, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagun zuciya. Ana ta faɗin cewa a Amurka da Turai gyara ta kateta, wato siririn bututun da ake zurawa ta jijiya har zuciya, ya ci kasuwa, har wasu na cewa buɗe ƙirji ya kusa zama labari, kamar yadda abin yake tafiya a bawul ɗin awota, wato ƙofar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Alƙaluma sun nuna haka kuwa? In an kai shekara biyar, wanda aka sa wa kilif, wato ɗan matsen da ke haɗa bakin ƙyamaren bawul biyu, yana daidai da wanda aka yi wa tiyata? Abin da ya fi damuna kuma shi ne majinyatanmu na nan, waɗanda galibinsu matasa ne masu ciwon rumatik, wato lalacewar bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta. Su ma kilif ɗin zai yi musu?

Dakta Ilu

Wa alaikumus salam, Bahijja. Sai an fara raba ciwon tukuna, domin bawul ɗaya ne amma cututtukan uku ne.

Akwai yoyo na farko, wanda laifin na bawul ɗin ne kansa: igiyar da ke riƙe ƙyauren bawul ta tsinke ko ta saki, ƙyaure ɗaya yana faɗawa baya duk sanda zuciya ta matsa. Akwai yoyo na biyu, wanda bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗakin ƙasa ne ya buɗe ya yi rauni, ya janye igiyoyin har ƙyamaren biyu suka kasa haɗuwa. Sai tsukewa, wadda a wurinmu kusan duk ta rumatik ce.

Maganar cin kasuwa gaskiya ce. An fara sa wa mutum kilif ɗin MitraClip a 2003 a Karakas, Turai ta amince da shi a 2008, FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, kuma a 2013, ga masu yoyo na farko waɗanda tiyata ta yi wa haɗari. A 2019 aka ƙara masu yoyo na biyu, a 2022 kuma wani kilif, PASCAL na kamfanin Edwards, ya shigo Amurka. A rajistar ƙasar, aikin ya tashi daga sama da 1,000 a 2014 zuwa sama da 10,000 a 2019. Amma ki duba su wa ake yi wa. Da aka bi mutum kimanin 19,000 masu yoyo na farko a wannan rajista, matsakaicin shekarunsu 82 ne. Da yawansu a da ba wanda zai taɓa su, magani kawai za a ba su a sallame su.

Gwajin da ya haɗa kilif da tiyata gaba da gaba shi ne EVEREST II, mutum 279, aka buga shi a 2011. A kwana 30 na farko, manyan matsaloli sun samu kashi 15 cikin ɗari na masu kilif da kashi 48 na masu tiyata. Da aka kai shekara ɗaya, kashi 20 na masu kilif sun koma an yi musu tiyata, a ɗaya ɓangaren kashi 2 ne aka sake buɗewa. A shekara biyar ba a ga bambancin a zo a gani ba wajen mutuwa, sai dai komawa tiyata ta kai kusan kashi 28 da kashi 9. Yawancin komawar a watanni shida na farko ta faru. Kilif ɗin da ya wuce wannan lokaci yana riƙe, yakan ci gaba da riƙewa. A tuna kuma na'urar farko ce, a hannun mutanen da suke koyonta a lokacin.

Inda kilif ya yi suna shi ne yoyo na biyu, kuma nan aka yi cece-ku-ce. A 2018 gwaji biyu suka fito, suka saɓa wa juna. MITRA-FR na Faransa, mutum 304, bai ga amfani ba: mutuwa ko kwanciya asibiti a shekara ɗaya kashi 54.6 da kilif, 51.3 da magani kaɗai. COAPT na Amurka da Kanada, mutum 614, ya ga mutuwa a shekara biyu ta sauko daga kashi 46.1 zuwa 29.1, kwanciya asibiti ta ragu da kusan rabi. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ba majinyata iri ɗaya aka ɗauka ba. Na Faransa zuciyarsu ta fi buɗewa, mililita 135 ga kowace murabba'in mita ta jiki, ramin yoyon kuma ƙarami, murabba'in milimita 31. Na COAPT mililita 101 ne, ramin yoyo 41. In yoyon ya fi ƙarfin buɗewar zuciyar, toshe shi yana taimakawa. In zuciyar ce ta gama lalacewa, yoyon alama ce kawai. Ƙari a kan haka, COAPT bai karɓi kowa ba sai an tabbatar an kai shi ƙarshen maganin da jikinsa zai ɗauka.

Wannan sharaɗin na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Ciwon zuciyar jego, wanda aka daɗe da sanin yawansa a Zariya da Kano da Sakkwato, da zuciyar da hawan jini ya buɗe, duk suna zuwa da yoyo na biyu. Aikin farko magani ne: mai fitar da ruwa, sannan rukunan nan huɗu, su enalapril ko sacubitril-valsartan, su carvedilol ko bisoprolol, spironolactone, da su dapagliflozin, a riƙa ɗaga su a hankali, a sake eko, wato hoton zuciya na sauti, bayan wata uku zuwa shida. In ɗakin ya koma, yoyon yakan ragu da kansa.

Malam Sabo

Dakta ya kawo kashi 15 da 48, bari in sa masa gishiri. Yawancin tazarar nan ƙarin jini ne, leda biyu ko fiye, wanda aka lissafa a cikin manyan matsaloli. In an cire shi, sai tazarar ta dawo ƙarama ƙwarai.

Ga mai yoyo na farko da jikinsa zai ɗauki tiyata, har yau gyara da hannu ne ma'auni. A manyan cibiyoyi mutuwa a irin wannan aiki tana wajen kashi 1 cikin ɗari, gyaran kuma yakan yi shekara ashirin. Dalilin ɗorewarsa a aikin yake. Ana shiga ta ƙashin ƙirji ko ta ƙaramin yanka tsakanin haƙarƙarin dama, a ɗora mutum a kan injin zuciya da huhu, a tsayar da zuciya da ruwa mai fotashiyam, a buɗe ɗakin sama. Galibi tsakiyar ƙyauren baya ne ya saki. Ko dai a yanke wurin a ɗinke, ko a dasa sababbin igiyoyi na Gore-Tex daga tsokar da ke riƙe su zuwa bakin ƙyauren. Daga nan a ɗinka zobe a kewayen ƙofar. A cika ɗakin ƙasa da ruwan gishiri a ga ko yana yoyo, a saki zuciya ta buga, a tabbatar da eko ta maƙogwaro kafin a rufe.

Zoben nan shi ne abin da kilif ba ya da shi. Dabarar kilif daga ɗinkin Ottavio Alfieri na Italiya aka ɗauko ta, wanda ya riƙa haɗa bakin ƙyamaren biyu a tsakiya tun farkon shekarun 1990, kuma sakamakon cibiyarsa ya nuna ɗinkin ba ya daɗewa sosai in ba zobe. Bakin ƙofa yana ci gaba da faɗaɗa, yoyo ya dawo ta gefen kilif.

Abubuwan da ke ɓaci a tiyata sanannu ne. In zoben ya yi ƙanƙanta ko ƙyauren baya ya yi tsawo, ƙyauren gaba yakan faɗa hanyar fitar jini zuwa awota ya tare ta. A fara da ƙara ruwa a jijiya, a rage magungunan da ke zaburar da zuciya, in ya ƙi a koma kan inji a gyara. Ɗinki mai zurfi ta gefen baya na iya kama jijiyar da ke kewaya bayan zuciya, sai a ga alamar toshewarta a ECG, awon lantarkin zuciya. Rikicewar bugu bayan aiki ruwan dare ce. Ƙashin ƙirji yana cin mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, mai kilif kuwa yakan tafi gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba a musu.

Abu biyu nake so ki riƙe, Bahijja. Na farko, lokacin aiki. A yoyo mai tsanani, ma'aunin fitar jini na zuciya, wato kason jinin da ɗakin ƙasa ke fitarwa a kowane bugu, yana ruɗi, domin jinin yana samun hanya mai sauƙi ta baya. Shi ya sa da ya sauko kashi 60, ko faɗin ɗakin ƙasa a ƙarshen matsawa ya kai milimita 40, ana maganar aiki ko mutum bai fara haki ba. Na biyu, kada a ce a gwada kilif tukuna, in bai yi ba a yi tiyata. Nama yana bin kilif ya lulluɓe shi, ƙyamaren su yi tabo. A rajistocin da suka bi waɗanda aka buɗe bayan kilif ya gaza, fiye da tara cikin goma canza bawul ɗin aka yi gaba ɗaya. Bawul ɗin da za a iya gyarawa tun farko ya tafi ke nan.

A yoyo na biyu kam ba na ja da Dakta. Tiyata ba ta taɓa nuna tana tsawaita rai a nan ba. A wani gwaji na mutum 251 masu yoyon da toshewar jijiyoyin zuciya ta haifar, yoyon ya dawo wa kusan kashi 59 na waɗanda aka sa wa zobe cikin shekara biyu, waɗanda aka canza wa bawul kuwa ƙasa da kashi 4. MATTERHORN na Jamus a 2024, mutum 210, ya nuna kilif bai gaza tiyata ba a shekara ɗaya, matsalolin kwana 30 kuma kashi 15 ne da kusan 55. Sai in dama za a buɗe mutum don jijiyoyin zuciya, to a gyara bawul ɗin a tafiya ɗaya.

Hajiya Turai

Tambayarki ta uku ba a amsa ba, 'yata. A'a, kilif ba na rumatik ba ne. Takardar na'urar kanta ta hana.

Ki dubi yadda ake sa shi za ki ga dalili. Majinyaci na cikin barci, eko ta maƙogwaro na aiki tun daga farko har ƙarshe. Ana shiga ta jijiyar matsematsin dama da bututu mai kaurin milimita takwas, a hau ɗakin sama na dama, a huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama biyu ta sama da baya, santimita 4 zuwa 4.5 daga bakin bawul. In hudar ta yi ƙasa babu filin juya kilif, in ta yi sama ba zai kai ba. A ba da heparin, maganin hana jini daskarewa, a karkato kilif ya fuskanci yoyon, a tsallaka ƙasa, a ja shi ya kama ƙyamaren biyu, a rufe. Kafin a sake shi sai an duba abu uku: naman da ya shiga ya isa, yoyo ya ragu, matsin da ke ratsa ƙofar bai wuce 5 ba. In nama kaɗan ya kama, zai kuɓuce daga ƙyaure ɗaya ya bar yoyo fiye da na da.

Wato kilif rage faɗin ƙofa yake yi, yana mai da rami ɗaya biyu. Shi ya sa ake son faɗinta ya kai murabba'in santimita 4 kafin a fara. Bawul ɗin rumatik ya riga ya tsuke, ƙyamarensa sun yi kauri sun ƙage, na baya ya gajarce. In ma an samu abin kamawa, an musanya yoyo da tsukewa ne.

Katetar da ta shafi majinyatanmu ita ce balan-balan ɗin Inoue, wanda likitan Japan Kanji Inoue ya bayyana a 1984. Rumatik yana manne kusurwoyi biyu inda ƙyamaren suke haɗuwa, balan-balan ɗin kuma yaga mannewar yake yi. Gwaje-gwajen aikin balan-balan ma a irin mutanenmu aka yi su, a Indiya da Tunisiya a shekarun 1990, kuma a bawul ɗin da ya dace ya yi kafaɗa da kafaɗa da buɗe ƙirji. A na Tunisiya an bi su shekara bakwai.

Ana yin sa ne in faɗin ƙofa ya sauko murabba'in santimita 1.5 ko ƙasa, lafiyayya tana 4 zuwa 6. Zaɓen majinyaci ya fi aikin kansa wuya. Ana ba da makin Wilkins a kan motsin ƙyaure, kaurinsa, ƙanƙarewar kalshiyam da halin igiyoyi, kowanne 1 zuwa 4. Jimla 8 ko ƙasa ita ce mai kyau. Amma makin ba ya duba kusurwoyi, don haka a duba su daban. In duka biyun sun ƙanƙare, balan-balan ba zai yaga su ba, ƙyauren zai yaga. Ba a yi in yoyo ya wuce kaɗan. Ba a yi in akwai gudan jini a ɗakin sama, kuma ba a kore gudan jini da eko ta ƙirji, sai ta maƙogwaro, domin a 'yar jakar gefen ɗakin yake ɓuya. In an gan shi, a ba da warfarin, maganin tsinka jini, na wata biyu zuwa shida a sake dubawa.

Girman balan-balan daga tsayi ake lissafa shi: tsayi a santimita a raba da 10, a ƙara 10. Mai santimita 160 milimita 26 ke nan. Ba a fara da cikakken girma. A fara ƙasa da shi, a riƙa ƙara milimita ɗaya, ana eko bayan kowace hurawa. A tsaya in faɗi ya wuce 1.5, ko kusurwa ta buɗe sarai, ko yoyo ya ƙaru da mataki ɗaya. Kwaɗayin ƙarin hurawa ɗaya shi ke kai mutum tiyatar gaggawa. Sauran haɗarin: allurar huda ta zarce, jini ya taru a jakar zuciya ya danne ta, sai a zuƙe nan take a warware heparin da protamine, ko wani abu ya ɓalle ya hau ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Don haka a yi aikin inda akwai mai buɗe ƙirji a kusa.

Sai dai yara da matasa da yawa yoyo suke zuwa da shi, ko yoyo haɗe da tsukewa. Waɗannan na su Malam Sabo ne.

Bahijja

Allah Ya saka da alheri. To mace 'yar ashirin da ɗoriya, bawul ɗin ba ya gyaruwa, tana son haihuwa. Na ƙarfe ko na nama? Na ji ana cewa a sa na nama, in ya lalace a zura sabo a cikinsa ta kateta.

Malam Sabo

Ba tambayar gefe ba ce wannan. A binciken REMEDY, wanda ya bi masu ciwon rumatik 3,343 a ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yaman, matsakaicin shekaru 28 ne, biyu cikin uku mata.

In tsukewa ce zalla kuma ta dace da balan-balan, a yi kafin ciki. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, bugu yana sauri, ƙofar da ta tsuke ba ta iya wucar da shi, ruwa ya cika huhu. In cikin ya riga ya shiga kuma magani ya kasa, ana yin balan-balan bayan mako 20.

In canji ya zama dole, kowanne da kuɗinsa. Na ƙarfe ba ya tsufa, amma warfarin ne har ƙarshen rai, INR, wato awon tsinkewar jini, tsakanin 2.5 da 3.5. Warfarin na iya naƙasa ɗan tayi tsakanin mako 6 da 12, haɗarin ya fi sauƙi in abin da take sha bai wuce miligiram 5 a rana ba. In an koma allurar heparin ba tare da awo ba, bawul ɗin na iya toshewa da gudan jini, wannan kuwa ran uwar ne. Sababbin magungunan tsinka jini ba su maye gurbinsa ba: dabigatran ya cutar da masu bawul ɗin ƙarfe har aka dakatar da gwajin, gwajin INVICTUS kuma a 2022 ya nuna masu rumatik da rikicewar bugu sun fi rayuwa a kan warfarin fiye da rivaroxaban.

Na nama akwai na fatar jakar zuciyar saniya, akwai na alade, a gaya wa majinyaciya tun kafin aiki. Yana sauƙaƙa ciki, amma a jikin matashi yana saurin ƙanƙarewa, sau da yawa bai kai shekara goma ba. Zura sabo a cikinsa gaskiya ne, FDA ta amince da shi a 2017 ga waɗanda sake tiyata ta yi wa haɗari. Amma kowane bawul da aka zura cikin wani yana rage faɗin ƙofa, shi ya sa a aikin farko ake sa mafi girman da zai shiga. Yana kuma iya tura ƙyaure ya tare hanyar awota, sai an auna da hoton CT tukuna. Ga 'yar shekara 24, wannan sayen lokaci ne, wata tiyatar na gaba. A gaya mata haka ƙarara, ita da mijinta ko iyayenta.

Abin da yakan yanke hukunci shi ne nisan gidanta da wurin awon INR. Cibiyar Salam da ƙungiyar EMERGENCY ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007, domin yin tiyatar bawul kyauta, sai da ta ware sashe guda don bin masu shan warfarin.

Hajiya Turai

Ƙari a kan INR, tunda nan ake yawan faɗuwa. Rifampicin na tarin fuka yana rushe shi ƙasa. Metronidazole, Septrin da fluconazole suna harba shi sama. Diclofenac da ake saya a kemis yana jawo zubar jini a ciki ko da INR na daidai. Zogale da alayyahu ba a hana su ba, a dai riƙa cin su daidai gwargwado, kada wannan mako a cika kwano, mako mai zuwa babu. Duk sabon magani, a sake awo cikin mako guda.

Kuma balan-balan ko sabon bawul ba ya dakatar da allurar benzathine penicillin. Yunit miliyan 1.2 a tsoka duk mako huɗu, ko uku ga wanda zazzaɓin ya dawo masa yana kan allura, aƙalla har shekara 40, ga masu ciwo mai tsanani kuma har abada. An gyara mitiral ne kawai, awota da sauran suna nan rumatik na iya komawa kansu. Allurar na da zafi, shi ke sa yara su gudu. A ɗumama kwalbar a tafin hannu, a yi ta a hankali, in likita ya yarda a haɗa da lidocaine.